Kikbol: Wasan da Ya Dace da Ƙananan Filayen Makarantunmu a Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana malaman firamare da na Islamiyya, da kuma iyayen yara, musamman mazauna unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Legas, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago. Maganata a kan wani wasa ce da ake kira kikbol, wanda nake ganin ya kamata mu shigar da shi makarantunmu. Ina so in bayyana yadda ake shata filinsa da yadda dokokinsa suke, ta yadda duk malamin da ya karanta wannan wasiƙa zai iya fita da ɗalibansa su gwada, ba sai ya jira wani ya zo ya koya masa ba.

Duk mai zama a Legas ya san tsadar fili a garin nan. Da yawa daga cikin makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa a gidajen haya suke, kuma ko waɗanda Allah ya hore musu haraba, ba ta kai a buga ƙwallon ƙafa irin ta sosai ba. Idan ma an jefa wa yara ƙwallo lokacin tara, abin da ke faruwa sananne ne: ƙarfafan yara 'yan kaɗan su mamaye ta, masu ƙaramin jiki su yi ta bin baya har a kaɗa ƙararrawa ƙafarsu ba ta taɓa ta ba, 'yan mata kuwa su koma gindin katanga su zauna. A kikbol kowane yaro yana da layinsa na bugu, kuma ba wanda ya isa ya ƙwace masa, komai ƙarfinsa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na damu da wasan.

Asalinsa daga Amurka ne. A shekarar 1917 wani mai kula da filayen wasan yara a birnin Cincinnati na jihar Ohio, mai suna Nicholas Seuss, ya bayyana shi a rubuce, daga baya malaman makaranta suka riƙa amfani da shi wajen koya wa yara tsarin besbol, wasan Amurkawa da ake dukan ƙwallo da sanda a zaga tashoshi, ba tare da sanda da ƙaramar ƙwallo mai tauri ba. Daga nan ya bazu a makarantun Amurka da Kanada, ya kai Japan da Koriya ta Kudu, a ƙasar Benezuwela kuma mata ne suka fi shahara da shi. A 1998 aka kafa wa manya ƙungiyar wasan a birnin Washington, wadda aka sani da WAKA, kuma ma'aunan da zan ambata na filin manya daga dokokinta suke.

Filin murabba'i ne mai kusurwa huɗu, sai dai ana tsayawa ne a kan kusurwa ɗaya ana fuskantar wadda ke ɗaura da ita. Kusurwar da mai bugu yake tsayawa ita ce gida. Sauran ukun tashoshi ne: tasha ta ɗaya a hannun damansa, ta biyu a gabansa can nesa, ta uku a hannun hagunsa. A filin manya tsakanin kowace tasha da mai bi mata ƙafa 60 ne, wato kimanin mita 18, daga gida zuwa tasha ta biyu kuwa kusan ƙafa 85 ne. Mai gangaro ƙwallo yana tsayawa a tsakiyar murabba'in, ƙafa 42 da 'yan kai daga gida. Yaran firamare ba sa buƙatar wannan faɗin, kuma a ganina mita 12 tsakanin tashoshi ya wadatar da su. Ga hanya mai sauƙi ta fitar da filin daidai ba tare da ya karkace ba: a auna mita 17 daga gida a sa alamar tasha ta biyu, sannan a samu igiya mai tsawon mita 24 a ƙulla ta a tsakiya. Yaro ɗaya ya riƙe bakinta a gida, wani ya riƙe ɗaya bakin a tasha ta biyu, malam ya kama ƙullin ya ja shi dama har igiyar ta miƙe, inda ƙullin ya tsaya nan ce tasha ta ɗaya, sai ya ja shi hagu ya sami ta uku. Bayan haka a ja layi biyu da toka ko farar ƙasa daga gida, ɗaya ya bi ta tasha ta ɗaya ya zarce, ɗaya ya bi ta ta uku ya zarce. Abin da ke tsakanin layukan nan biyu shi ne cikin fili. Alamar tasha kuwa ta zama abu mai faɗi da ba zai sa tuntuɓe ba, kamar yankin tsohon kafet ko buhun da aka ninke. Kada a kuskura a sa dutse ko bulo, domin yaro da gudu zai iso wurin.

Ƙwallon ta roba ce mai taushi. Ta manya faɗinta inci 10 ne, ta yara kuma galibi inci 8 da rabi, kuma ba a cika ta da iska tam. Wanda bai samu irinta a kasuwa ba yana iya ɗaukar ƙwallon raga ko ta ƙafa ya rage mata iska sosai. Taushin nan yana da muhimmanci, saboda a wannan wasa ana jifan mutum da ƙwallon, kamar yadda zan yi bayani a gaba. Takalmi mai ƙusoshin ƙarfe haramun ne a wasan.

Ana raba yara gida biyu, kowane ɓangare mutum takwas zuwa goma sha ɗaya. Ɓangare ɗaya su ne masu bugu, sai su jeru a gefe bisa tsarin da aka rubuta tun kafin a fara. Ɗaya ɓangaren su ne masu tsaron fili: mai gangaro ƙwallo a tsakiya, mai tarar ƙwallo a bayan mai bugu, mutum guda kusa da kowace tasha, wani tsakanin ta biyu da ta uku, ragowar kuma su bazu can baya inda ƙwallo mai nisa ke sauka. Ba a yarda masu tsaro su matso gaban layin da ya ratsa daga tasha ta ɗaya zuwa ta uku ba sai an buga ƙwallon. Idan masu tsaro suka fitar da mutum uku daga cikin masu bugu, sai a yi musanya. In kowane ɓangare ya yi bugu ya kuma yi tsaro, an yi turmi ɗaya ke nan, kuma galibi turmi biyar zuwa bakwai ake yi a wasa guda. Wanda ya fi maki a ƙarshe shi ya ci. Da aka dawo sabon turmi, bugu yana ci gaba ne daga wanda layi ya tsaya a kansa, ba a komawa kan na farko, kuma malamin da ya yi sake da wannan ƙa'ida zai ga ƙarfafan yaran sun sake mamaye wasan.

Mai gangarowa yana sakin ƙwallon da hannu ta bi ƙasa zuwa gida. Idan ta wuce ta kan gida, ko ba ta kauce masa fiye da ƙafa ɗaya ta kowane gefe ba, kuma ba ta yi tsalle sama da ƙafa ɗaya ba, gangarowar ta yi kyau. In mai bugu ya ƙyale irin wannan, ko ya kai bugu ya kuskure, an rubuta masa kuskure ɗaya, kuma kuskure uku fita ne. In kuwa mai gangarowa ne ya yi ta karkatar da ita har sau huɗu, mai bugu zai taka zuwa tasha ta ɗaya kyauta. Bugu da ƙafa ake yi, a kan gida ko a bayansa, ba a tarar ƙwallon a gaba. Wadda aka buga ta faɗa wajen layukan nan biyu ba ta ƙirguwa, kuma in ta maimaitu sau uku ko huɗu, gwargwadon abin da aka amince da shi tun farko, mai bugun ya fita.

Da zarar ƙwallo ta shiga fili, mai bugu zai sheƙa zuwa tasha ta ɗaya. In ya ga da sauran dama ya zarce ta biyu, in ba haka ba ya tsaya ya jira na bayansa ya buga. Duk wanda ya taka tashoshi uku bi da bi ya dawo gida ya ci wa ɓangarensa maki ɗaya. Muddin ƙafar yaro na kan tasha ba a iya fitar da shi, amma mutum biyu ba sa zama tasha ɗaya, kuma ba a barin tasha sai an buga ƙwallo. Tasha ta ɗaya kaɗai aka yarda mai gudu ya taka ya zarce saboda ƙarfin gudu, sannan ya dawo ba tare da an fitar da shi ba.

Hanyoyin fitar da mai gudu uku ne, kuma a nan ne gardama ta fi tashi tsakanin yara, don haka ya kamata malami ya fahimce su sosai. Ta farko, a cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa. Mai bugun ya fita nan take, kuma duk wanda ya riga ya bar tasharsa dole ya koma ya taka ta kafin ya ci gaba, in kuwa ƙwallon ta riga shi isa can shi ma ya fita. Ta biyu, idan gudu ya zama tilas ga yaro, wato mai bugu da ke neman tasha ta ɗaya, ko wanda na bayansa ke tahowa tasharsa, to ya isa mai tsaro ya taka tashar da ake nufa da ƙwallo a hannunsa kafin mai gudun ya iso. Ta uku, a taɓa mai gudu da ƙwallon ko a jefe shi da ita yana tsakanin tashoshi. A nan akwai dokar da nake roƙon kowane malami ya riƙe ta da ƙarfi: jifa daga kafaɗa zuwa ƙasa ne kawai. Wanda aka jefa a kai ko a wuya bai fita ba, sai a ba shi tashar da ya nufa, in dai ba shi ya sunkuya ya tari ƙwallon da kansa ba. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku ma shawarata a hana jifa gaba ɗaya, a tsaya a kan taɓawa. Idan ƙwallo ta koma hannun mai gangarowa a tsakiyar fili, wasa ya tsaya, kowa ya zauna a tasharsa.

Akwai abu guda da nake ganin sai mun sauya saboda yanayin garinmu. A ƙa'idar asali, wanda ya buga ƙwallo ta tsallake shingen bayan fili yana zagayawa har gida salin alin, tare da duk waɗanda ke kan tashoshi. Mu kuwa bayan katangarmu ko dai titi ne mai cike da Keke Marwa da danfo, ko kwata, ko rufin maƙwabci, kuma ba mai son yaro ya fita bin ƙwallo cikin motoci. Saboda haka a ƙaramar haraba ya fi kyau a ce duk wanda ya tsallakar da ita katanga ya fita. Da wannan sauyi yara za su koyi duba inda ba kowa su aika ƙwallon ta ƙasa, sai ka ga yarinya mai natsuwa ta fi ƙaton yaro amfani ga ɓangarenta. Lokacin damina kuma, musamman watannin Yuni da Yuli da ruwa ya fi ƙarfi a Legas, a duba santsin ƙasa kafin a fito, domin harabar siminti mai gansakuka tana kayar da yaro mummunan kaye.

Game da 'ya'yanmu mata, na san iyaye da yawa ba sa sakin jiki da wasannin da ake cakuɗuwa ana ture-ture, kuma ina ganin suna da hujja. Kikbol ba shi da kokawar ƙwace ƙwallo, gudun gajere ne daga tasha zuwa tasha, kuma yarinya tana iya yin sa da hijabinta da dogon wando a ƙarƙashin riga. Makarantar da ke raba maza da mata tana iya ware wa kowane rukuni ranarsa, malama ta tsaya wa 'yan mata a matsayin alƙaliya. Ba ina cewa a bar langa da gaɗa da sauran wasanninmu na gado ba, domin su ma suna neman ɓacewa a hannun yaran da aka haifa a nan kudu, kuma sun cancanci a raya su. Amma aji mai yara talatin ko arba'in yana buƙatar wasan da zai ɗauke su duka a lokaci guda, kuma idan yara sun yi yawa ana iya ƙara masu tsaron baya ba tare da tsarin ya lalace ba.

Ina kira ga shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye da malamai da su ware rabin sa'a a mako domin wannan wasa, ƙwallo ɗaya da igiya ɗaya su ne duk kuɗin da za a kashe. Ina kuma roƙon sarakunan Hausawa na unguwanninmu da shugabannin kasuwanni da su taimaka wa makarantun da ba su da haraba wajen neman aron filin wata makarantar gwamnati da ke kusa a ranar Asabar. Malamin da zai fara kada ya tsaya karanta wa yara dokoki duka a rana ɗaya. Ya fara da bugu da gudu da cafewa, sai ya shigo da ƙirgen kuskure da dokar komawa tasha a mako na biyu ko na uku, bayan yaran sun saba da zagayen filin.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin firamare,
Agege, Legas.