Wasiƙa: Ina Makomar Nonon Rugagenmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan harkar madara a Nijeriya, wadda ake yawan magana a kanta tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma na tashi a unguwar da matan Fulani ke shigowa kowace hantsi da ƙore a ka, saboda haka abin da zan faɗa ya haɗa da wanda na karanta da wanda ido ya gane mini.

Jami'an gwamnati sun sha bayyana cewa ƙasar nan tana buƙatar kimanin tan miliyan 1.6 na madara a shekara, alhali abin da ake tatsa a gida bai wuce tan dubu 700 ba, duk da cewa muna da shanu wajen miliyan 20. Ana cike giɓin ne da madarar gari daga ƙetare, wadda tsohon Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ce a 2019 tana cin dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara.

Wannan hali yana da tarihi. A zamanin Turawa, sashen kula da lafiyar dabbobi da ya koma Vom kusa da Jos a 1924 ya riƙa karɓar nono daga hannun makiyayan Filato ana sarrafa shi ya zama man shanu, wato tun a lokacin an fahimci cewa inda shanu suke nan ya kamata masana'anta ta zauna. Amma kasuwa ta bi wata hanya dabam. Madarar gwangwani ta Peak ta shigo ƙasar nan a 1954, aka kafa kamfanin WAMCO a Legas a 1973, sannan a 1993 Cowbell ta fito da ƙananan ledoji waɗanda talaka zai iya saya na shayin safiya ɗaya. Daga nan manyan masana'antu suka zauna kusa da tashar jiragen ruwa suna sarrafa garin da aka sauke musu, shanu kuwa suna Arewa, ba abin da ya haɗa su. Yau ko a ƙauyen da garke ke wucewa ta bakin kasuwarsa, mai shayi da madarar gari yake haɗa maka.

Maganin da hukuma ta fi gwadawa shi ne na bakin iyaka. A Fabrairun 2020 Babban Banki ya taƙaita sayar da dala don shigo da madara ga kamfanoni shida kacal, bisa sharaɗin su zuba jari a kiwon gida, sai kuma a Maris 2024 aka janye wannan taƙaitawa. Ba zan ce ba a ga komai ba, domin daga cikin kamfanonin, Arla ta buɗe gonar shanun madara a Damau ta Jihar Kaduna, Nestlé ta kafa wurin tattara madara a Paikon Kore da ke yankin Abuja, FrieslandCampina kuma ta shiga gandun kiwo na Bobi a Jihar Neja. Sai dai duk wanda ya san saniya ya san shekara huɗu ba komai ba ce a wurinta. Maraƙar Bunaji da aka haifa a ruga ranar da aka kafa wannan doka, da ƙyar ta yi haihuwar fari kafin ranar da aka soke ta. Wane mai jari ne zai gina rijiyoyi da wuraren sanyaya madara a kan dokar da ba ta kai ƙuruciyar karsana ɗaya ba?

A ganina, ainihin ciwon yana kan hanyar da ke tsakanin ruga da gari. Saniyar gida, Bunaji ce ko Rahaji ko Bokolo, abin da ake samu a jikinta bayan ɗan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, kuma madarar da aka tatsa da safe ba ta jure zafinmu fiye da 'yan sa'o'i in ba a sanyaya ta ba. Wannan ne dalilin da ya sa iyayenmu mata a rugage suke dafa ta su kwantar ta zama kindirmo, ko su bar ta ta yi tsami su kaɗa su cire mai su kawo nono kasuwa, hikimar da ta riƙe wannan sana'a shekaru aru-aru ba tare da lantarki ba. Da damina nono yakan yi yawa har ya rasa mai saye a rugagen da ke nesa da titi, da rani kuwa, idan garke ya yi kudu neman ciyawa, sai ƙwarya ta bushe. A irin wannan lokaci ne za ka tarar wasu masu tallar nono suna sayen madarar gari a kasuwa su dama su kwantar, wasu su ƙara garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda mai fura yana jira kuma yara suna gida, amma abin kunya ne ga ƙasa a ce matar makiyayi tana tallar nonon da aka tatsa a Turai.

Akwai kuma batun da masu saye ba su cika sani ba. Kaso mai yawa na garin da ake shigo da shi Afirka ta Yamma ba cikakkiyar madara ba ce: an cire mata manta na asali an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, shi ya sa ta fi araha. Irin wannan gari ya ƙara yawa bayan Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a 2015, kuma harajin bai ɗaya na ECOWAS a kan manyan buhunan madarar gari kashi 5 cikin 100 ne kawai. Ban ce haramun ba ce ko guba, amma haƙƙin mai saye ne ya san abin da ya biya. Bayanin da ke jikin leda da Turanci yake, wanda kuwa ake auna masa da cokali ko gwangwani daga buɗaɗɗen buhu ba ya ganin ko wannan. Ya kamata NAFDAC ta sa a riƙa rubuta bambancin da harsunan gida, a kuma yi ta faɗakarwa a rediyo cewa ba abincin jarirai ba ne. Haka nan a tunatar da jama'a cewa ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari) da tarin fuka daga saniya zuwa mutum.

Indiya ta taɓa shiga irin wannan hali. Ƙungiyar makiyayan garin Anand da aka kafa a 1946, wadda ta haifi kamfanin madara na Amul, da shirin ƙasa da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970, ba su fara da manyan gonaki ba. Sun kafa wurin karɓar madara a ƙauye, safe da yamma, a auna manta a biya mai ita, ko da lita ɗaya ta kawo, har ma kuɗin madarar garin da Turai ta ba su kyauta da shi suka gina waɗannan wurare. Yau babu ƙasar da ta kai Indiya samar da madara. An gwada irin wannan tsari a Kaduna da ƙungiyar masu madara ta Milcopal, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika da ta daɗe tana aikin haɗa irin Bunaji da shanun waje, don haka ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin da nake roƙon Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi shi ne ta ware wani kaso na kuɗin da ake samu daga shigo da madara ta kafa wuraren tattarawa masu sanyaya madara da hasken rana a kusa da rugage, tare da ruwan sha da dusa da anguriya a farashi mai sauƙi, domin shanun tatsa su zauna da rani. Wannan ba zai yiwu ba sai an tsare gandun kiwo da aka fara keɓewa a ƙarƙashin dokar Jihar Arewa ta 1965, waɗanda yawancinsu har yau ba a tabbatar da su a hukumance ba, sai kuma an magance satar shanu da ta kori makiyaya daga dazuzzuka da dama. A kuma lura da cewa a al'adar Fulani, ko da saniya ta miji ce, nonon na matar ne, da kuɗinsa take cefane da hidimar 'ya'yanta. Duk inda za a buɗe wurin karɓar madara, a rubuta sunayen matan a rajista, a kuma biya kuɗin a hannunsu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna