Kalmar "staid" yabo ce mai ƙaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata kalmar Turanci da ta kusa yi wa ɗan ƙanena ƙafar ungulu.

Makon jiya bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida a Jekadafari, yana ta washe baki, riƙe da takardar shaida da tsohon ogansa ya rubuta masa. Aiki yake nema a wani kamfanin talla a Abuja. Ya nuna mini layi na uku da yatsa, ya ce, "Baffa, duba nan, ya ce ni staid ne. Na duba a waya, natsattse ke nan." Na gyara tabarau na sake karantawa, sai jikina ya yi sanyi.

Natsuwa na ciki, ban musa ba. Amma shekara 31 na yi ina koyar da Turanci, kuma da wuya ka ji Bature ya kira mutum staid ba tare da ɗan murmushin shaƙiyanci ba. Ka ɗauki mutumin da ya shekara talatin a kan dakali ɗaya, farar riga, hula iri ɗaya, rediyo a kunne, ba ya wasa, ba ya ɗaga murya, ko hanyar zuwa masallaci ba ya sauyawa. Mu a nan sai mu ce dattijon arziki, kamili, a ba shi amana da sulhun aure. Su kuwa nufinsu mutumin kirki ne, amma ba armashi, ba ya son sabon abu. Haka suke faɗa wa tsohon banki, ko jaridar da ta ƙi sauya salo, ko garin da kowa ke rufe ƙofa da an yi isha'i. To kamfanin talla, da sababbin dabaru ne abincinsa, me zai yi da irin wannan?

Asalin kalmar ma ya tona ta. Daga stay ta fito, wato tsayawa, tun ƙarni na 16, kuma furucinta ɗaya da stayed. A da can ma haka wasu ke rubuta stayed ɗin, kamar yadda pay ta ba da paid. Wanda ya tsaya cak, ke nan. Yau ɗalibi ya rubuta staid a maimakon stayed a jarrabawar WAEC, jan biro zai sha.

Roƙona ga masu fassara a jaridu da gidajen rediyo, ku daina mayar da ita "kamili" kawai. Ku ƙara da "mai ra'ayin 'yan mazan jiya" ko "marar son sauyi", gwargwadon inda ta faɗo.

Yaron dai ya koma an sauya masa takarda. Ta farkon na ce ya adana ta, ranar da za mu je nema masa aure ni da kaina zan karanta wa surukai.

Naka,
Tsohon malamin Turanci,
Jekadafari, Gombe