Gaisuwar Sallah, da batun na'urar da aka mayar cikin kwali

Zuwa ga Umma da Abba, da Yaya, da Auta, da sauran mutanen gida baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana cikin ƙoshin lafiya. Mu a nan Holan lafiyarmu ƙalau, maigidan da jikokinku duk suna miƙa gaisuwa.

Abin da ya sa na zauna na rubuta doguwar wasiƙa maimakon in tsaya a gaisuwar waya shi ne maganar da Auta ta yi mini shekaranjiya, cewa na'urar suya da iska da na aiko muku watanni huɗu da suka wuce an mayar da ita cikin kwalinta an ɗora a kan kabad, wai don ta gwada donot a ciki sau ɗaya ya fito kamar tsakuwa. Na yi dariya, amma ban ga laifinta ba, domin ni ma sai da na yi asarar fulawa har sau uku kafin na gane kanta. Yau da asuba kuwa na yi ƙananan donot masu sukari da kirfa guda talatin a irin wannan na'urar, kuma kafin mu dawo daga idi mu zauna sosai yaran sun ga bayan rabinsu. Shi ya sa na ce bari in rubuta komai tun hannuna yana ƙamshin kirfa.

Umma, sunan na'urar ne yake yaudarar mutane. Ana ce mata ta suya, alhali ba ta soya komai. Ƙaramin obin ce mai fanka. Idan kuka zare kwandon kuka leƙa sama, za ku ga wani nannaɗaɗɗen ƙarfe da yake ɗaukar zafi, a bayansa kuma akwai fanka mai ƙarfi da take hura zafin ƙasa, iskar ta bi ta ramukan kwandon ta zagayo. Kamfanin Philips na ƙasar nan ne ya fara nuna ta a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin a shekarar 2010, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Bambancinta da tukunyar mai shi ne duk sirrin. Mai mai zafi yana rufe ƙullu ta kowane gefe a lokaci guda, ya ƙame masa baya nan take, ya kuma ɗauke shi ya yi ta yawo a sama. Iska ba ta da wannan ƙarfin, kuma ga shi tana busar da duk abin da ta daɗe tana bugu. Duk kuskuren da na yi daga rashin sanin wannan ya samo asali.

Karo na farko na kwaɓa ƙullu mai ruwa-ruwa, irin wanda ake ɗiba da hannu a jefa a mai, na zuba a kwandon. Ya bi ramuka ya zirare ƙasa tun kafin zafi ya kama shi, na kwana ina kankarewa. Karo na biyu na yi kwaɓin daidai, amma na yi wayon barbaɗa sukari da kirfa tun kafin gashi, don in rage wa kaina aiki. Fankar ta kwashe garin ta watsa shi a jikin ƙarfen mai zafi, sukarin ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe kicin, na'urar gargaɗin gobara da ke rufin ɗaki ta kama ihu da sassafe, ni kuma ina tsaye a kan kujera ina yi mata fifita da tawul. Har yau maigidan bai daina tsokanata da wannan ba. Karo na uku shi ne irin na Auta: na cika kwandon maƙil, na sama suka yi duhu na ƙasa suna fari, sai na yi ta ƙara minti a kan minti har duka suka bushe.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina auna fulawa gram 250, wato kimanin kofi biyu, da sukari babban cokali biyu, da gishiri rabin ƙaramin cokali, da busasshen yis gram 4, wato ɗan fiye da rabin ƙaramar ledar nan mai gram 7. Sai madara mililita 100, da ƙwai ɗaya, da bota gram 30 wanda ya yi laushi. Madarar ita ce wurin da ya fi buƙatar kula. Yis abu ne mai rai, ya fi son ɗumi kusa da na jikin mutum, wajen digiri 38, kuma yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60. Auta, ba sai kin nemi ma'auni ba, ɗiga madarar a bayan hannunki kamar yadda ake gwada ta jariri, idan kin ji ɗumi kawai ba ƙuna, ta yi.

A haɗa busassun kayan, a zuba madara da ƙwai, a juya, sannan a sa botan a yi ta murzawa na minti takwas zuwa goma. Da farko kwaɓin zai riƙa manne wa yatsu, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum ya ƙara fulawa. Kada a biye mata. Idan aka ci gaba da murzawa, da kansa zai saki hannu ya yi sumul, har idan aka danna shi da yatsa ya taso a hankali. Fulawar da ake ƙarawa don gudun danƙo ita ce rabin dalilin taurin donot, tunda na'urar ma za ta ƙara tsotse masa ruwa. Sai a rufe kwanon a ajiye wuri mai ɗumi har kwaɓin ya ninka girmansa. A kicin ɗina, da yake akwai sanyi, yakan ɗauki awa ɗaya da rabi. Inda ake zafi ba zai kai haka ba, don haka ido za a sa wa kwanon, a rabu da agogo.

Idan ya tashi, a danne shi iskar ta fita, a yanka ƙanana, kowanne kimanin gram 15, wato cikin babban cokali ɗaya. Daga wannan kwaɓin ake samun talatin. A mulmula kowanne a tafin hannu har bayansa ya yi santsi, a jera a faranti, a rufe da ƙyalle, a ba su minti ashirin zuwa talatin su sake kumbura. Ina zargin wannan hutun na biyu ne Auta ta tsallake, domin na san halinta, ba ta da haƙurin jira, kuma sauri ya haifi nawa. Amfanin yin su ƙanana shi ne zafi yana isa tsakiyarsu kafin bayansu ya bushe, wanda shi ne ma dalilin da ya sa ake huda babban donot a tsakiya.

Yanzu sai gashi. A kunna na'urar babu komai a ciki na minti uku a digiri 180. Idan lambobin da ke jikin taku sun kai 400, to ma'aunin Amurka ne, sai a sa ta a 350. A shafa ɗan mai a kwandon da buroshi ko da auduga, a shafa wa ƙwallayen ma kaɗan, domin wannan shafin ne yake sa bayansu ya yi ja maimakon ya yi fari fat. A jera su sahu ɗaya da tazarar yatsa a tsakani, kada wani ya hau wani. Kwandona goma yake ɗauka, don haka sau uku nake yi. Bayan minti uku a zare kwandon a girgiza shi su juya, a mayar na minti biyu ko uku. Na'urori sun bambanta da juna wajen ƙarfi, saboda haka zubin farko na gwaji ne. Ni nakan ɗauki ɗaya a minti na biyar in raba shi biyu. Idan cikinsa ya yi ƙananan ramuka kamar soso, tururi yana fita, babu danƙo a tsakiya, to ya nuna, ko da launinsa bai kai na suyar mai ba. Wanda ya tsaya jiran irin wannan jan a nan, tsakuwa zai kwasa. A kuma lura cewa zubi na biyu da na uku sun fi saurin nuna, domin na'urar ta riga ta ɗauki zafi sosai.

Wurin sukari da kirfa shi ne inda yara suke taruwa. Donot ɗin da aka tsame daga mai yana fitowa da maiƙo a jiki, sukari ya kama shi da kansa. Wanda ya fito daga iska busasshe ne, ko an birkita shi a sukari zubewa zai yi. Don haka tun suna cikin na'ura nake narka bota gram 40 a ƙaramin kwano, in haɗa sukari gram 100 da garin kirfa ƙaramin cokali biyu a wata roba mai murfi. Suna fitowa da zafinsu sai in juya su a botan, in tsame, in zuba biyar-biyar a robar, in rufe. Girgizawar aikin ƙaramin jikanku ne, ba ya yarda kowa ya taɓa. Yau ya rungume robar a ƙirji yana tsalle da ita cikin sabbin kayansa, da aka buɗe kuwa sai ga su sun yi ruwan ƙasa-ƙasa suna ƙyalli, shi kuma gaban rigarsa duk bota. Idan aka bari suka huce kafin a yi wannan, botan zai daskare a jikinsu, sukarin ya dunƙule wuri ɗaya.

Kirfar kanta iri biyu ce a kasuwa, kuma sai da na zo nan na san haka. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, wadda ɓawonta siriri ne, an nannaɗe shi falle-falle kamar takarda, yana marmashewa a hannu, ƙamshinta kuma mai sanyi ne. A kan cinikinta ne mutanen ƙasar nan suka fafata da Turawan Fotugal har suka kore su daga tsibirin a 1658. Akwai kuma mai kauri da tauri, mai duhun ja, wadda ake nomawa a Sin da Indonesiya da Biyetnam, ita ce ta fi yawa, ta fi yaji a harshe. Idan mai kaurin ce a hannunku, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ya isa. Kada kuma a zuba kirfa da yawa a cikin kwaɓin kansa, domin tana rage wa yis kuzari, tashin ya yi nawa. Wurinta a baya ne.

Idan baƙi sun yi sallama ba shiri, akwai gajeriyar hanya: fulawa kofi ɗaya, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ɗan gishiri, da yogot mai kauri gwargwadon abin da zai haɗe kwaɓin, a mulmula a gasa nan take. Yana fitar da mutum kunya, amma bai kai mai yis laushi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ɗanɗanonsa bai zama ɗaya da na suyar mai ba. Ya fi kusa da ɗan burodi mai laushi da aka yi wa ado, kuma ba ya jure kwana. A ci shi cikin awa biyu ko uku, wanda ya rage kuma a mayar da shi na'ura minti biyu a digiri 160 ya farfaɗo. Abin da ya sa na fi son sa shi ne babu tsayuwa a kan tafasasshen mai ga yara suna kai da kawo, babu fallatsi, babu ragowar mai da za a rasa yadda za a yi da shi. Sai dai kada a ɗauke shi abincin masu kiyaye lafiya don kawai ba a soya shi ba, bota da sukarin suna nan daram. Abba, ina roƙon a cire muku naku kafin a kai ga robar sukari, a shafa musu ɗan bota a barbaɗa kirfa zalla, kuma biyu sun isa, kada Auta ta ce ban faɗa ba.

Yaya, ke nake bar wa amanar na'urar. A jona ta a soket na bango kai tsaye, domin tana jan wuta sosai, yawancinsu sun haura wat 1,000 nesa ba kusa ba, kuma a bar mata sarari ta baya inda take fitar da zafi. Kada a shimfiɗa takardar gashi a kwandon babu abin da ya danne ta, fanka za ta ɗaga ta zuwa ƙarfen ta kama wuta. Bayan an gama a cire ta daga wuta, a bari ta huce, a wanke kwandon da soso mai laushi, ban da na ƙarfe, saboda baƙin shafen da ke hana abinci kamawa yana ɓarewa.

Auta, gobe idan hidima ta lafa ki sauko da kwalin nan. Ki fara da rabin awon da na rubuta, ki raba ɗaya biyu ki ɗauko mini hoton cikinsa, daga ramukan zan gane ko kin ba shi hutunsa na biyu ko kin sake yin halin naki.

A gaishe mini da kowa da kowa. Umma da Abba, ina neman addu'arku kamar kullum.

Wassalam,
'Yarku.