Kira ga masu koyon rubuta manhaja kan wurin ajiye bayanai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin matasanmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta kan wani kuskure da na sha gani, wanda kwanan nan ya sa wani mai shagon magani a unguwarmu ya yi asarar aikin wuni guda cur.

Ɗalibina ne ya rubuta masa manhajar lissafin kaya da harshen Python. Da farko sunan fayil ɗin ajiye bayanai kawai ya saka a cikin rubutun manhajar, bai san cewa kwamfuta za ta nemi fayil ɗin ne a foldar da aka tsaya aka kira manhajar, wadda sau da yawa takan sha bamban da foldar da rubutun yake zaune ba. Da ya gane haka, sai ya koma amfani da __file__, wato sunan da Python ke bai wa hanyar da ke kaiwa ga rubutun da ke gudana, ya riƙa ajiye bayanai a gefensa. Matsalar ta taso ne bayan ya haɗa komai cikin fayil guda da PyInstaller, wata manhaja mai dunƙule rubutun Python da kayansa wuri guda, domin sauƙin kai wa mai shago. Irin wannan haɗin yakan zazzage kayansa cikin wata foldar wucin gadi duk lokacin da aka buɗe shi, ya kuma goge ta idan an rufe, har da bayanan da aka ajiye a gefen rubutun, tunda a cikinta suke. Bawan Allah ya wuni yana shigar da sunayen magunguna da farashinsu, washegari ya buɗe bai tarar da komai ba.

Sanin wurin da rubutu yake yana da amfani wajen karanta abin da aka turo tare da manhajar, kamar hotuna ko samfurin rasit. Bayanan da mai amfani ya shigar kuwa suna da nasu masauki. A Windows akwai foldar AppData ta kowane mai amfani, kuma tun fitowar Windows Vista a 2007 aka tsaurara hana manhajoji yin rubutu cikin Program Files, foldar da ake girka manhajoji, ba tare da izinin mai kula da na'ura ba. A Linux ƙa'idar XDG, mai tsara wuraren ajiya, ta ware foldar .config domin saituka, .local/share domin bayanai, .cache kuma domin abin da gogewarsa ba ta cutarwa. A macOS ana amfani da Library/Application Support. Akwai ma ƙaramin ƙunshin Python mai suna platformdirs da ke nemo wurin da ya dace a kowane tsari.

Ina roƙon malaman cibiyoyin koyar da kwamfuta su shigar da wannan darasi tun ranar da suka fara koyar da buɗe fayil, domin ni kaina na makara wajen koyar da shi, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Yanzu mun mayar da bayanan shagon cikin AppData, mun kuma nuna wa mai shi foldar domin ya riƙa kwafe ta a filasha duk ƙarshen mako.

Wassalam,
Wani malamin kwamfuta, daga Zariya