Masu binciken fadamar Haɗeja, ku dawo mana da abin da kuka gano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan masanan gida da na waje da ke haɗa gwiwa suna binciken fadamar Haɗeja da Nguru, domin mu da abincinmu ke cikin wannan ruwa muna da ta cewa.

Ba yau suka fara zuwa ba. Tun 1987 aka kafa shirin kula da fadamar, da hannun ƙungiyoyin waje irin su IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya. Tsuntsaye ne suka fara jawo su, waɗanda ke tasowa daga Turai su tsallake Sahara su yi hunturu a wurinmu. Har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona, matattarar tsuntsaye da ke cikin fadamar, a 1989. Amma da suka zauna da malamanmu, aikin ya wuce ƙirga tsuntsu. Sun auna ruwa, sun nuna yadda dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka rage malalar da ke shayar da fadama. Masana tattalin arziki suka lissafa shinkafa da kifi da itace, suka gano cewa ruwan da aka bari ya gangaro mana ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare domin manyan gonakin noman rani na sama. Wannan babbar hujja ce a hannun talaka, amma ban taɓa jin an karanta wa manomin Guri ita da Hausa ba.

Ga kuma kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta mamaye fadama. A da ruwa kan zo da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, a shuka wake a bayansa, makiyaya su sauko. Yanzu da ake sakin ruwan dam har cikin rani, ƙasa ba ta bushewa, ciyawar nan kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma, wasu gonaki suka nutse, wasu suka ƙeƙashe. Tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana a cikinta, da safe ya sauka kan shinkafa da gero. Duk wanda ya taɓa shiga gayyar yanke ta ya san wuyar: ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, matsattsaku na manne a ƙwauri, ganyen na tsaga tafin hannu, kuma kafin wata ya zagayo ta sake tofowa, tunda saiwar na nan a ƙarƙashin laka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba mu kaɗai ke fama da ita ba, amma ba a haɗa mu da abokan fama. A bakin teku, inda kogin Sanagal ke shiga Atilantika, an gina dam ɗin Diama a 1986 don hana ruwan gishiri hawowa. Da gishiri ya daina shiga, ruwan daɗi ya tsaya cak, sai kacalla ta mamaye wurin. Mutanen Sanagal da Muritaniya, tare da masana daga Faransa, sun koyi mayar da ita gawayin girki. A nan ma, ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani na Bankin Duniya, malamai daga Sifen da Amurka sun yi aiki da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kan yin iskar gas ta girki da abincin dabbobi daga ita. Madalla da wannan. To amma matar da ke sayen itace kullum da tsada, alhali kacalla ta kewaye garinsu, ita ce ta fi kowa cancantar ganin yadda ake yi.

Sau da yawa baƙi sun zo garinmu, mai unguwa ya shimfiɗa musu tabarma, masunta suka bar komarsu suka zauna suna amsa tambayoyi. Wani dattijo ya ɗauki kara ya zana musu a ƙasa inda kogi yake bi kafin a yi dam, da sunan kowace ƙorama. Suka ɗauki hoto, suka cika kwalabe da ruwa, suka yi godiya. Dattijon ya rasu, Allah ya ji ƙansa, bai ji abin da aka samu a kwalaben ba.

Don haka ina kira ga jami'o'inmu, ta Dutse da ta Kafin Hausa da Bayero, da duk wanda zai sa hannu a yarjejeniya da masanan waje: a rubuta a ciki cewa ba a rufe aiki sai an koma garin da aka yi shi an yi bayani da Hausa a ƙofar hakimi, an kuma sa a rediyo. In za a kai mutane ƙasar waje ƙaro ilimi, a sa masunta da mata a ayarin, su je Sanagal su ga tukunyar gawayin da idonsu. Sannan masu auna ruwan Tiga da Challawa su riƙa sanar da mu ranar da za a saki ruwa da wuri, domin a ambaliyar 2022 mutane da yawa a Jigawa sun yi asarar shinkafar da ta kusa yanka.

Naka,
Malamin firamare mai ritaya,
Ƙaramar Hukumar Guri, Jihar Jigawa.