A tuna da masu sikila a yaƙin da ake yi da ƙwaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wasu bayin Allah da ake mantawa da su duk lokacin da aka taso da batun shaye-shaye, wato masu ciwon sikila da ke amfani da maganin kashe zafi don dole, ba don marmari ba. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake kwantar da su kafin in yi ritaya, abin da idona ya gani zan faɗa.

Ba na musun cewa ƙwaya ta zame mana annoba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su tiramol suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, na yi murna. Tiramol mai miligiram 50 da mai 100 NAFDAC ta amince da su, amma mai 225 ake sayar wa yaranmu a tasha da bakin kasuwa. Duk wanda NDLEA ta kama da irin wannan kaya, ba ni da abin cewa a kansa.

Sai dai wanda bai taɓa kwana da mai sikila ranar da ciwon ya tashi ba, bai san abin da ake kira zafi ba. Za a kawo maka budurwa cikin tsakar dare ta dunƙule wuri ɗaya, ko zani ya taɓa ƙafarta sai ta yi ƙara, uwarta na gefe tana ta salati. Abin da aka fi samu a hannu shi ne allurar pentazocine, don tana da araha kuma tana aiki nan take. Amma ƙarfinta ba ya daɗewa, sai an maimaita. Wata ya bi wata, shekara ta bi shekara, har a kai lokacin da ko ciwon bai tashi ba jiki na neman allurar. Na ga wadda ta koyi yi wa kanta a ɗaki. Cinyoyinta duk gyambo, naman ya taurare kamar itace, gwiwa ta daina lanƙwashewa, yarinyar da ta zo mana da ƙafarta ta koma sai an ɗauke ta. A asibiti aka fara yi mata allurar nan, da takardar likita. Amma ranar da ciwon gaske ya sake kawo ta, sai ka ji ana raɗa, "Ƙyale ta, 'yar allura ce." Wannan kalma tana ƙona mini rai har yau. Ciwon bai bar ta ba, ga jaraba, ga kuma zargi.

Masana na ta neman maganin da zai kashe zafi ba tare da ya kama mutum ba, kuma an fara dacewa. A watan Janairun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani, suzetrigine, wanda ke tare saƙon zafi tun a jijiya kafin ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba ya sa maye. An gwada shi ne a kan waɗanda aka yi wa tiyata, kuma ƙwaya ɗaya ta haura dala 15. Ina fatan jami'o'inmu da ke da asibitocin koyarwa za su sa baki a irin wannan bincike, tunda kusan jarirai dubu 150 ake haifa da sikila a ƙasar nan duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Amma talaka a Ƙiru ko Gumi ba zai zauna jiran wannan ba.

Akwai abin da ke hannu tun yanzu. Hydroxyurea tsohon magani ne da ke rage yawan tashin ciwon, kuma in ciwo ya ragu buƙatar allura ta ragu. Tsadarsa ce ke sa iyaye su fara su daina. Ga kuma mofin na sha, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Mutane na jin sunansa su tsorata, alhali in an auna shi daidai, ana rubuta kowane cokali a littafi, ya fi tsari a kan allurar da ake saye a kyamis ba takarda. Yuganda ta daɗe tana haɗa shi da kanta tana ba marasa lafiya kyauta, har ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Me ya fi ƙarfinmu a nan?

Wanda kuwa jarabar ta riga ta kama, magani yake buƙata. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa methadone da buprenorphine cikin jerin muhimman magunguna, don suna kwantar da ƙishirwar ƙwaya har mutum ya koma sana'arsa. Akwai naloxone da ke farfaɗo da wanda ya sha ya wuce kima numfashinsa na neman ɗaukewa. A nan kuwa iyaye sun fi sanin gidan mari, don shi ne kusa. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau suna iya ƙoƙarinsu, amma sun yi wa Arewa kaɗan, kuma iyali da dama na jin kunyar a ce sun kai 'yarsu can.

Na yaba wa Kano da ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024. Wannan zai taimaki na baya. Waɗanda aka riga aka haifa kuwa, roƙona ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu shi ne a sa hydroxyurea cikin inshorar lafiya ta jiha, a kuma buɗe sashen kula da masu jarabar magani a cikin manyan asibitoci, kusa da inda ake duba masu sikila, ta yadda likita ɗaya zai san ciwon mutum ya kuma san allurar da ya saba da ita.

Na gode.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna