Kada a jefar da tsofaffin kwamfutoci saboda Windows 11

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin 'yan'uwa Hausawa mazauna Jidda da Makka. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye kulawar da ta saba yi wa Windows 10. Windows 11 kuma ba ta hawa kwamfuta sai mai guntun tsaro na TPM 2.0, kuma yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas ba sa cikin waɗanda ta amince da su. Shi ya sa kwamfutoci masu lafiya ke ƙarewa a kasuwar gwanjo. Abin yana min ciwo, domin Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, kyauta ce kuma za ta tashe su.

To me ya hana ta karɓuwa? Ƙarfi dai tana da shi, don a kan ginshiƙinta aka gina Android da ke aljihun kowa. Windows ta riga ta shiga gida ne: da ita ake sayo kwamfuta, a kanta ake koyon Word da Excel. Babban cikas a nan Saudiyya shi ne takardun Larabci. Salon haruffa irin su Traditional Arabic ba sa zuwa da Linux, don haka in ka buɗe takardar Word a LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Word a Linux, sai ta musanya su da wasu, layuka su goce, shafi ɗaya ya koma biyu. Maganinsa a sa haruffan Amiri na kyauta, a riƙa tura takarda a PDF. Mai sana'a da Photoshop ko CorelDRAW kuwa ya zauna a Windows, ba a yi su don Linux ba.

Ga mai son gwadawa: ya kwafe fayilolinsa tukuna, in akwai BitLocker, wato kullen da Windows ke sa wa fayiloli, ya adana makullinsa. Ya sauke nau'in Linux mai suna Linux Mint Xfce, wadda RAM 2GB da fili 20GB ke isarta, ya zuba ta a filas mai 8GB da manhajar Rufus. Ya kunna kwamfutar daga filas ɗin ta hanyar danna F12 a Dell ko F9 a HP yayin da take tashi, ba tare da ya girka Linux ɗin ba. A nan zai gwada Wi-Fi da sauti da firinta da rubutun Larabci. Idan Wi-Fi ya ƙi, sau da yawa katin Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne. A jona wayar intanet, a buɗe Driver Manager na cikin Mint a ɗauko direbansa, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki.

Wassalam,
Wani mai gyaran kwamfuta, Jidda